Agogon Leobardo Ya Yi Sumul

Ranar Lahadi da safe dattijo Anselmo, wanda ake kira Don Anselmo saboda girmamawa, ya miƙa hannu cikin ɗan kwanon da ke gefen gadonsa, ya ɗauko agogon ɗansa kamar yadda ya saba, ya ɗora babban yatsa a kai. Sai yatsan ya zame.

"Remedios!" ya kira matarsa. "Wannan ba shi ba ne. An yi mini sata."

Don Anselmo makaho ne, ciwon suga ya cinye masa ido tun da daɗewa. Ɗansa Leobardo kuwa doki ya kayar da shi a kwazazzabo da damina, aka kawo gawarsa da agogon a hannu. Tun daga ranar tsohon ba ya karya kumallo sai ya bi jikin agogon nan da yatsa, tabo bayan tabo, kamar mai jan carbi. To ga agogo dai a kwano, irinsa, nauyinsa, har yana tafiya. Amma sumul yake, yana walƙiya kamar yau aka ciro shi daga kanti.

Kafin a fito daga coci duk ƙauyen Tinajas ya ji. Kafin la'asar kuma har an samo ɓarauniya: Felipa, matar da ke yi musu wanki da shara. Daga kudu ta zo, ba ta da kowa a nan, kuma ita ke shiga ɗakin tsohon. Amparo, 'yar gidan, da ta tsallako iyaka daga birnin Tucson da mijinta don bikin ranar mamata, ita ta fara nuna ta da yatsa a ƙofar coci, sannan ta kwaso mata kayanta ta zube a ƙofar gida.

Shi kuwa tsohon ya ture kwanon romo ya juya fuska bango.

"Ba zan sa komai a bakina ba sai an dawo mini da agogon yarona."

Mai ciwon suga da yunwa, kowa ya san inda wannan hanya take zuwa.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai aka aika wa Serafina. Ita ce mai bin sawun ƙauyen, a wurin ubanta ta gada. Saniya ta ɓace, ita. Maƙwabci ya yanke waya ya kora maruƙa, ita. Kuma ita ce uwar baftismar Leobardo, saboda haka ita da Remedios komadre suke kiran juna. Ita ce ma ta bi sawun dokin har bakin kwazazzabon nan, ba ta kuma son a tuna mata.

Ta tarar da gidan cike da mata ana niƙa jan barkono na tamale, alalar masarar da ake yi da biki, kowace hannu ja wur. An kafa teburin mamata a falo, don an ce ranar bikin mamata kan ziyarci gidajensu, an jera kyandir da furanni da burodi da hoton Leobardo, an bar gurbi a tsakiya inda za a ajiye agogon. Remedios na zaune a gefe da farin carbinta, shi ma ya yi ja.

"Komadre, kin rame," in ji Serafina.

"Shiga ki gan shi," Remedios ta ce, ba ta ɗago ba.

Tsohon yana kwance, leɓɓansa sun bushe.

"Don Anselmo, ni shanu nake bi. Agogo ba ya taka ƙasa."

"Ke kika nemo mini yarona a dutse. Nemo mini wannan ma."

"To faɗa mini kamanninsa."

Sai ya ɗaga hannu a iska yana shafa abin da babu. "Gefen dama akwai layi biyu, waya mai ƙaya ce, ranar da muka ja shingen gabas. Kusa da abin murɗawa akwai ɗan lotsi, ƙofar mota, ranar da ya je neman aure aka koro shi. A baya ya yi kaushi, gishirin shanu ne. Sai na sama." Hannun ya tsaya a iska. "Na saman mai zurfi ne, farce yana shiga. Wannan dutsen ne."

Serafina ta karɓi agogon mai walƙiya ta juya shi. Babu ko ɗaya. Sai wani ɗan jan abu da ya maƙale a tsagar abin murɗawa. A gidan da ko kyanwa ta yi ja da barkono, wannan ba wani labari ba ne. Ta sa agogon a aljihu.

"Ko ruwan romo ka sha, don Allah."

"Kawo agogon tukun."

Felipa tana zaune a dakalin bayan coci da ƙunshin kayanta, tana jiran motar da za ta wuce gari.

"Donya Serafina, in kin zo cajin kaya ne, ga shi. Amparo ta riga ta zazzage, har ɗan kamfaina ta ɗaga wa maza suka gani."

"Ba kaya na zo gani ba. Ranar Asabar wa ya shiga ɗakin?"

"Ni, da safe. Na gyara gado, na ga agogon a kwano da duk tabonsa. Ba na taɓa shi. Sau ɗaya na goge masa ƙura, sai da tsohon ya yi mini wunin faɗa."

"Da rana fa?"

"Da rana Rosendo, mijin Amparo, ya kai tsohon aski. Donya Remedios kuma ta aike ni maƙabarta in wanke kabari, in shafa wa gicciye fenti. Sai yamma na dawo." Ta ja hanci. "Ki duba mana. Da wane kuɗin zan sayi sabon agogo in musanya? Ɓarawon da ke ɗaukar tsoho ya ajiye sabo, ai a kai shi asibiti, ba wurin 'yan sanda ba."

Serafina ta kalli takalmanta. Farin fenti da jar ƙasar maƙabarta.

"Kada ki hau motar nan yau."

"In kwana a ina?"

"Gidana. Akwai wake a tukunya, sai dai ki yi haƙuri da jikokina."

Maganar sabon agogo ce ta kai ta wurin Rosendo, mijin Amparo. Shi sana'arsa ke nan, saye da sayarwa a tsallaken iyaka, kuma kowa ya ji shi ranar jana'iza yana cewa irin wannan tsohon agogo yana da masoya a can. Ta same shi yana wanke a-kori-kurarsa. Ta tagar motar ta hango ɗan kwali, irin na agogo, an tura shi ƙarƙashin kujera.

"Rosendo, mene ne wancan?"

"Kai, Donya Serafina! Idon nan naki ko allura ta faɗi a rairayi."

"Ciro."

Ya yi ta kame-kame, ya leƙa ko matarsa na kusa, sannan ya ciro ya buɗe. Baƙin agogon roba ne. Ya danna wani abu a jiki, sai ga muryar mace tana faɗin lokaci.

"Na makafi ne," in ji shi. "Na sayo wa surukina. Na bari sai bayan biki in ba shi, sai wannan masifa ta faɗo. Yanzu in na fito da shi ai kin san abin da za a ce. Ke ma kin faɗa a ranki, kada ki musa."

"Na faɗa."

"Ni ɗan kasuwa ne, amma ban haukace ba. Ko da zan saci agogon, ai tabon nan shi ne kuɗinsa. Masu saye a can ba sa son wanda aka goge. In an goge, an kashe shi."

Serafina ta tsaya cak. "Ana gogewa?"

"Sosai ma. A sa shi a inji da jan sabulun nan na ƙarfe, ya ci saman ƙarfen har ya kai ƙasan tabon. Sai dai abin da ya ci ya ci. Ba ya dawowa."

Sawu ba a ganinsa da tsakar rana, sai rana ta kwanta inuwa ta shiga cikinsa. Serafina ta jira yamma, ta zauna a kan katangar garke, ta karkata agogon ga hasken. Sai ga su. Layuka sirara kamar gashin jariri, duk sun kwanta gefe guda, sun lanƙwasa. Gefunan da ya kamata su yi kaifi sun yi laushi kamar sabulun da aka fara wanka da shi. Ba sabo ba ne. Ta tura fatar maɗaurin gefe da farce, ta leƙa lungun da ke ƙarƙashi, ta daɗe tana kallo.

Inji irin wannan ɗaya ne a Tinajas, na Leobardo, wanda yake goge ƙaimi da linzami da shi a ɗan shagonsa da ke bayan gidansu. An kulle shagon tun rasuwarsa. Ta zaga ta leƙa ta tsagar ƙofa. Ƙura ta rufe komai, sirdi, guduma, kujera. Amma daga gindin injin zuwa bakin ƙofa an share tas, har an yayyafa ruwa kafin a share, ga ɗigon nan ya bushe. Namiji ba ya shara haka. Wanda ya share kuma da baya-baya ya fito, yana goge sawunsa.

Mace ce. Amma wace? Gidan cike yake da mata, makulli kuma a ƙusa yake rataye a kicin.

Da magariba aka taru a gaban teburin mamata ana jan carbi, Remedios ce ke ja. Daga cikin ɗaki ana jin numfashin tsohon, ya ƙara nauyi. Da aka gama, Remedios ta miƙa carbin a sumbaci gicciyen kamar yadda ake yi. Ya zo kan Serafina. Ta ga jan da ya shiga tsakanin fararen duwatsun, ta shirya wa zafin barkono a leɓenta, ta sumbata.

Babu zafi. Maiƙo ta ji, da ɗanɗanon ƙarfe.

Ta ɗago, suka haɗa ido da komadrenta. Remedios ta karɓi carbin ta cusa a ƙirji.

Serafina ta koma gida ta yi ta addu'a Ubangiji ya nuna mata wata hanya. Ta so a ce Rosendo ne. Ta so ma a ce wani baƙo ne da ya tsere da agogon, ta ɗaura wa alfadarinta sirdi ta bi shi har bakin teku. Wanda aka sace ana iya ƙwato shi. Wannan fa? Ta yi tunanin ta ɗauki ƙusa ta karce agogon da kanta, layi biyu a dama, lotsi, kaushi. Amma yatsan da ya san ɗansa ba za a ruɗe shi da ƙusa ba. In kuma ta yi shiru, Felipa ta tafi da sunan ɓarauniya, tsohon ya mutu yana jira.

Washegari da hantsi ta sa aka fito da Don Anselmo falo aka jingina shi da matashi. Amparo na nan, Rosendo na nan, Remedios na tsaye a bakin kicin. Serafina ta shigo da Felipa.

"Me wannan take yi a gidan ubana?" in ji Amparo.

"Zauna, 'yar nan. Ni na yi miki wankan farko, ba za ki ɗaga mini murya ba."

"Kin samo?" tsohon ya tambaya. Muryar da ƙyar take fita.

"Don Anselmo, wa ya sa wa agogon Leobardo maɗaurin fata?"

"Ni. Na ƙarfen ya tsinke yana saurayi. Lokacin ina gani. Na yanka fata na sa masa."

"Da me ka cire sandar da ke riƙe maɗaurin?"

"Da basilla. Ta yi ta zamewa, na caccaki ƙarfen ta ciki. Yaron har ya yi fushi, na ce wa zai gani a can."

Serafina ta durƙusa, ta tura fatar gefe, ta kama ƙaramin yatsansa ta sa farcen a lungun.

Farcen ya yi gaba, ya dawo, ya sake komawa.

"Aikina ne," ya ce. "Wannan basillata ce."

"Agogon ɗanka ne. Ba wanda ya sace shi. Bai taɓa barin gidan nan ba. Goge shi aka yi, a injin da ke shago."

Amparo ta juya kan Felipa. "To ita ce ta goge! Mai shegen son goge-goge!"

"Tana maƙabarta tana wanke kabarin ƙaninki, ke kina barci. Mijinki yana wurin aski da babanki." Serafina ba ta kalli kicin ba. "Ni iyakata ke nan. Na bi sawu har inda ya tsaya. Mai shi yana da baki."

Sai Remedios ta tako, ta tsaya a gaban teburin mamata, ta ba mijinta baya.

"Ɗaya kawai na so in cire," ta ce. "Na saman."

"Mama!" in ji Amparo.

"Yi mini shiru. Anselmo, kai da yatsa kake jinsa. Ni da ido nake ganinsa. Kullum safiya kana bi kana faɗa, waya, ƙofar mota, gishiri, ni ina tsaye da gahawarka ina jiran ka kai kan dutsen. Kullum sai yaron nan ya sake faɗuwa a gabana kafin in karya. Na daure. Amma bana ne zuwansa na farko. Zai zo teburinsa ya ga burodinsa, ya ga hotonsa, sannan ya ga abin da ya kashe shi a tsakiya? Kowa yana wanke kayan mamacinsa. Kyandir ma sai da na goge mazauninsa." Ta share fuska da gefen zane. "Na sha ganin yadda yake yi da ƙaimi. Na ce ɗan taɓawa kaɗan. Tabon ya ƙi fita, na danna. Da ya fita sai wurin ya yi fari, sauran ya yi duhu. Na ce bari in daidaita. Ina daidaitawa, ina daidaitawa, sai na duba na ga babu komai. Babu waya, babu ƙofar mota. Na goge yarona duka."

"Kika kuma bar ni a ƙofa da kayana a ƙasa," in ji Felipa, a hankali.

"Na bar ki. Da ya yi ihun sata sai bakina ya mutu. Kullum in ce yau zan faɗa. Ba ni da abin da zan ce miki, Felipa, sai dai Allah ya bi miki haƙƙinki."

Felipa ta ɗauki ƙunshinta. Amparo ta buɗe baki za ta ba ta haƙuri, Felipa ta ɗaga mata hannu.

"Ajiye. Ki faɗa a ƙofar coci, inda kika faɗi na farkon."

Ta fita. Rosendo ya bi ta da makullin mota, ko don ya samu hanyar barin ɗakin.

Don Anselmo yana riƙe da agogon a tafin hannu.

"Serafina."

"Na'am."

"Akwai mai iya mayarwa? Ko a birnin Hermosillo, ko a tsallake?"

Ta so ta yi masa ƙarya, Allah ya sani. "Babu. Ƙarfen da ke ɗauke da su ya zama ƙura a ƙasan shago, an kuma share."

"Da kin ce mini ɓarawo ne," ya ce. "Da ina da abin jira."

Shekara da shekaru Serafina tana kawo wa mutane abin da suka rasa, wani a raye, wani a mace, ba ta taɓa kawo abu ya zama ga shi a hannu kuma babu shi ba.

Tsohon ya sake ɗora babban yatsa. Ya bi gefen dama, sumul. Ya bi baya, sumul. Ya kai sama, inda dutsen yake, ya tsaya a nan ya daɗe.

"Kullum kina tsaye?" ya ce.

"Kullum," in ji Remedios.

"Ban sani ba. Ba kya motsi."

Ya yi ƙoƙarin ɗaura agogon a hannunsa, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo shi. Ya kasa samun hujin. Remedios ta matso ta durƙusa ta ɗaura masa, a hujin ƙarshe, don hannun ya zama kara.

"Teburin fa, Baba?" Amparo ta tambaya. "Gurbin?"

"In ya zo, ya same shi a hannuna." Ya juya fuska inda yake jin numfashin matarsa. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. "Romon nan yana nan?"

Remedios ta kawo da gudu har yana zuba. Ta ajiye a kan ɗan teburin ƙarfe da ke gabansa. Ya miƙa hannu yana laluben cokali, sai agogon ya bugi bakin teburin, ƙwas.

Remedios ta runtse ido. Tsohon ya janye hannun, ya shafa wurin da yatsa, ya sami ɗan siririn layi guda. Ya sake shafawa. Sannan ya ɗauki cokalin.

Serafina ta ɗauki hularta ta fita, ta zaga bayan gidan ta rufe tsagar ƙofar shagon da tsumma, don kada iska ta kwashe sauran ƙurar.